Minti nawa yaro zai yi lissafi a gida kullum? Ku duba nan kafin ku kashe kuɗinku

Tambayar nan kullum sai ta taso tsakanin iyayen da sunka aje yara gida suna karantar da su, wasu don yaran na hadda ana jira su sauke, wasu kuɗin makarantar kuɗi ne ya fi ƙarfinsu, wasu kuma sun leƙa ajin makarantar unguwa sun ga yara har bakin taga sunka ce a'a. Ko mi ne dalilin, dokar ilimin bai ɗaya ta ƙasa (UBE) ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko wajibi ne, kuma wata rana yaron nan zai zauna jarabawa da sa'o'insa, ko ta shiga sakandaren tarayya da NECO ke shiryawa irin FGC Sakkwato da ta 'yan mata ta Tambuwal, ko wata daban. Lissafi kuwa shi ne ke fara tona asirin karatun gida.

Hanyoyin da na ga mutane na bi ba su wuce biyar ba, kuma ba zan ɓoye ba, guda ɗaya nake so.

Akwai masu awa biyu kullum, a dasa yaro da shafi uku na tambayoyi. Bayan rabin awa hannu ne kawai ke motsi, kan ya tafi wajen ƙwallo, ku bar wannan. Akwai masu tarawa sai Alhamis da Juma'a da ba a zuwa makarantar allo, a yi na mako duka a zama ɗaya, to kafin wata Alhamis ɗin rabi ya zube. Akwai masu miƙa wa yaro waya ya bi darussan intanet irin na Khan Academy, kyauta ce kuma bayaninta na da kyau, amma da Turanci ne, tana cin data da caji, kuma da ka juya baya an koma kallon katun. Sai malamin lesin, shi zan dawo kansa don ina da magana.

Wadda nake so ita ce ɗan kaɗan kullum, littafi ɗaya, a duba aikin a ranar da anka yi shi. A ganina ɗan shekara 5 zuwa 7 minti 10 zuwa 15 ya ishe shi, kuma yawanci da baki da hannu ne, a ƙirga murafen kwalba ko ƙwallon dabino, a ba shi naira 200 ya sayo abin 150 ya faɗi canji tun kafin ya fita ƙofa. Ɗan 8 zuwa 10 minti 20 zuwa 30. Wanda ya kai matakin aji shida ko ƙaramar sakandare ya yi 40 ko 45, in jarabawa ta matso a ƙara wani ɗan zama da yamma maimakon a ja na safe ya yi tsawo. Kwana biyar ko shida a mako, Juma'a a huta.

Mu nan bai kamata a sha wahalar fahimtar da mu wanga abu ba, don duk gidan da ke da mai hadda an san wanda ke tilawa kullum ko shafi biyu ne ya fi wanda ke barin ta mako guda sannan ya zo ya kwashi izu biyar. Masana ma sun daɗe da auna shi, wani Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya wallafa bincikensa kan mantuwa tun 1885, ya nuna abin da mutum ya koya yana zubewa da sauri a farkon kwanaki in ba a waiwaye shi ba, kuma maimaitawa a rarrabe ta fi ta zama ɗaya. Tsarin Kumon na Japan da ake ta yayi a duniya haka ya faro, malamin lissafi ne Toru Kumon ya riƙa rubuta wa ɗansa 'yan takardun aiki a 1954, kuma har yau abin da suke nema ga yaro kamar rabin awa ne kullum, ba awa biyu ba.

Yadda zaman minti 25 ke tafiya: biyar na farko sau da baki, bakwai sau takwas, tara sau shida, a cakuɗe ba a jere ba don in a jere ne waƙa ce yake rerawa. Goma na tsakiya sabon abu, ka yi misali ɗaya yana kallo ya yi ɗaya kana kallo. Goma na ƙarshe tambayoyi shida ko takwas, rabi na yau rabi na makon jiya da watan jiya. Kuma da safe ne, bayan karatun asuba an karya, don duk wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40 ya san bayan azahar ko babba bai iya rabawa balle yaro.

Dubawar nan ita ce rabin aikin. Ka ba yaro 302 a debe 178 ya rubuto maka 276. Kada ka ja jan biro ka wuce, tsaya ka ga ta ina ta fito: ya debe 2 daga 8, ya debe 0 daga 7, ya debe 1 daga 3, wato ƙarami yake cirewa daga babba ko'ina ya gan shi, aron goma bai zauna masa ba. Amsar 124 ce. In ka kama wanga a ranar, minti biyar da tsinken ashana an gyara. In kuwa tambaya hamsin ka ba shi ba ka duba ba, sau hamsin ya maimaita kuskuren har ya zama masa hanya.

To malamin lesin. Akwai na kirki, musamman ɗaliban jami'ar Danfodiyo da na kwalejin ilimi masu neman na sabulu, wasu wallahi sun fi malaman aji haƙuri. Amma na taɓa ɗaukar wani, littafin yaro fes, ko'ina maki, har ina yabonsa wajen mutane, ashe shi ke faɗin amsa yaro na rubutawa, wani wurin ma rubutunsa ne ƙarara. Ranar da na canza lambobin tambaya ɗaya na ba yaron sai ya tsaya yana kallona. Saboda haka duk wanda za ku ɗauka, kada ku biya na wata uku gaba komai ragin da ya yi muku, a yi lesin a zaure ko tsakar gida inda ake gani, kuma ƙarshen mako ku canza lamba ku gwada yaro da kanku. Littafin da ba shi da kuskure ko ɗaya abin tuhuma ne. Sannan ko na kirkin ne, sau uku a mako yake zuwa, sauran kwanakin dai minti 20 ɗin nan na nan a wuyanku.

Littafi kuma, ku nemi wanda ke bin manhajar NERDC, wato hukumar da ke tsara abin da ake koyarwa a makarantun ƙasar nan, na ajin da yaro yake kai da gaske, ba ajin da shekarunsa sunka nuna ba, kuma guda ɗaya tak, a gama shi. Sai dai jabu ya yi yawa a kasuwa. Bangon na sheƙi kamar na gaske, ciki fotokwafi ne, takarda shara-shara, 3 da 8 ba a banbance su. Wanda ya fi ƙona min rai shi ne alamar rabawa da ɗigonta sunka goge ta koma ta debewa, 12 a raba 4 yaro ya ga 12 a debe 4 ya rubuta 8, amsar bayan littafi ta ce 3, uwa ta yi ta faɗa yaro na kuka alhali shi ke da gaskiya. Kafin ka biya buɗe tsakiya ka bi lambar shafi ka ga ko ta yi tsalle, ka duba ko shafukan amsa na nan, ka ɗaga shafi ɗaya sama ka ga ko rubutun baya na ratsowa. In farashin ya yi ƙasa da na shagon littattafai da rabi, ka san abin da ke hannunka.

Haka masu tallan takardun aiki a WhatsApp, wai shafi dubu kan kuɗi kaɗan, yawancinsu na kyauta ne sunka kwaso a intanet, cike da dala da inci da mil alhali yaranmu naira da mita da kilo za a tambaye su. Da masu cewa za su mayar da yaro kalkuleta cikin wata ɗaya da abakus, allon ƙirgan nan mai 'yan duwatsu, a biya kuɗin fom, a biya na riga, a biya na satifiket. Ku ce su ba ku ɗalibinsu ɗaya da ya yi wata shida, ku ba shi tambayar ciniki mai magana, mudun gero kaza an sayi bakwai an ba da kaza nawa ne canji, ku ga abin da zai yi kafin ku ciro kuɗi.