Maganadisun agogon gudu: a farfela ko a gindin taya?

Mai haɗa mota da hannunsa yana da wurare biyu na kafa maganadisun. Farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giya zuwa tayoyi, takan juya sau 3 zuwa 4 kafin taya ta juya sau ɗaya, don haka sensa, wato na'urar da ke ƙirga bugu ɗaya duk lokacin da maganadisun ya gifta ta gabanta, na samun bugu da yawa, allura ba ta rawa ko a tafiyar hawainiya. Sai dai juyin na iya cilla maganadisun in gam bai kama ba. A kafa biyu daura da juna don kada farfelar ta yi girgiza.

Gindin taya ya fi sauƙin lissafi, amma ga taɓo, ga zafin birki, kuma maganadisun neodymium na gama-gari yakan fara sanyin ƙarfi daga digiri 80 na ma'aunin Celsius. Ni dai farfela zan zaɓa.