Teburin fassara a Tahoua da kalmar "garnison" a takardar kakana

A cikin akwatin ƙarfen da kakana ya bari akwai takardarsa ta aikin soja tun zamanin Faransawa, kafin ƴancin kai na 1960, kuma kalma ɗaya ce take ta maimaituwa a shafukanta, wato garnison. Ita ce ta kai ni wurin wani dattijo, tsohon malamin makaranta, wanda yake da tebur a wata rumfa kusa da babbar kasuwar Tahoua, inda yake rubuta wa mutane wasiƙu yana kuma fassara takardu tsakanin Faransanci da Hausa. Shafi huɗu na kai masa, ya karɓi jikka uku, kuma a ganina aikin ya ci kuɗinsa.

Duk wanda na tambaya kafin shi, cewa yake yi ma'anar kalmar ita ce bariki. Da na faɗa masa haka, sai ya ajiye alƙalami ya ce, "Ɗana, bariki gini ne, kakanka kuwa ba gini ba ne." Ya bayyana mini cewa garnison tana nufin rundunar da aka ajiye a wani gari ko wata ganuwa domin tsaronta, sannan daga baya aka riƙa kiran garin da kansa da wannan suna. Asalinta daga aikatau garnir ne, wanda yake nufin tanadar wa wuri abin da yake bukata, shi ya sa a tsohon Faransanci kalmar ta ƙunshi guzuri da makaman da ake tarawa don kāriya, kafin ta tsaya a kan mutanen da suke riƙe da makaman. Ita kuwa bariki daga Ingilishi ta shigo Hausa, kuma ta ɗauko wani nauyi a bakinmu, domin wanda aka kira ɗan bariki ba yabonsa aka yi ba. Saboda haka ya zaɓi "dakarun da aka girke", kuma zaɓin ya kwanta mini a rai, tun da girkewa ita ce ajiye abu daram a mazauninsa, kamar tukunya a kan murhu.

Inda ya fi burge ni shi ne lokacin da na ce, "Malam, ashe mu ba mu da tamu kalmar?" Sai ya kawo ribaɗi, wadda muka aro daga Larabci. Tushenta yana nufin ɗaurewa, kuma a Suratul Anfal, aya ta 60, an yi amfani da ita a kan dawakin da ake ɗaurewa cikin shirin yaƙi. Daga nan ta zama sunan sansanin bakin iyaka, irin waɗanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kakkafa, ciki har da Wurno inda ya rasu a 1837. Mai zama a ribaɗi shi ne murabiɗ, kuma daga wannan kalma ce Faransanci ya samo marabout da ake kiran malamanmu da ita a Nijar har yau. Sunan Rabat, babban birnin Maroko, shi ma daga nan ya fito. Na sha jin kalmar marabout tun ina yaro, ban taɓa sanin cewa mai tsaron iyaka ne a asalinta ba.

Aikin yana da nasa naƙasu. Ya yi mini alkawarin kwana biyu, sai da na yi sawu uku kafin na karɓa a rana ta biyar. Da hannu yake rubutu, kuma ba shi da hatimi, don haka wanda zai kai takarda gaban hukuma sai ya nemi mai fassara da aka rantsar, abin da ya gaya mini tun kafin ya karɓi kuɗi. Akwai kuma gajerun haruffa biyu na soja da ya bari yadda suke, ya ja layi a ƙarƙashinsu maimakon ya yi cinta, kuma na fi son hakan.

Da daddare na karanta wa mahaifiyata fassarar, ta sa na maimaita mata layin da ya ce mahaifinta yana cikin dakarun da aka girke, sannan ta karɓi takardar ta mayar da ita cikin akwatin tare da ta asalin.