Gargaɗi ga masu haɗa kwamfutar gem a Sakkwato: katin da aka sauya wa suna

Assalamu alaikum. Na daɗe ina jan ƙafa kan wannan rubutu, domin yaron da abin ya faɗa wa ɗan yayata ne, kuma ya roƙe ni kada maganar ta fita. Sai da na ga mutumin da ya damfare shi da kayan kwamfuta ya sake buɗe shafi da wani suna, da hotunan nan dai nasa, sannan na koma na ce wa yaron shirunmu zai jefa ɗan wani a ramin da shi ya faɗa. Ya amince, bisa sharaɗin ba zan ambaci sunansa ba. Shi ma ɗan damfarar ba zan kira masa suna ba, don wanda ya ba mu ba nasa ba ne, kuma mai yiwuwa asusun da kuɗin suka shiga na wani bawan Allah ne da bai san hawa ba bai san sauka ba. Yadda yake aikinsa zan bayyana, domin shi ne ba ya sauyawa.

Sana'ata gyaran kwamfuta ce a nan cikin gari. Yaron ɗalibi ne, idan an yi hutu yana zaman POS, kuma ya fi shekara yana tari don ya haɗa kwamfutar da za ta ɗauki eFootball da GTA V, ya kuma koyi tace bidiyo da ita. A Facebook ya ga tallar, daga nan aka ja shi WhatsApp. Mutumin ya ce shagonsa na Ikeja a Legas, amma shi asalinsa Basakkwace ne. Ya yi masa Sakkwatanci tsantsa, ya tambaye shi unguwarsu, ya ambaci Mabera da Gawon Nama da Runjin Sambo kamar wanda ya tashi yana yawo a cikinsu. Ba ya kiransa sai da "ƙanena". Ya lissafa masa kaya: furosesa (injin lissafin kwamfuta) Core i7 da madabod ɗinta (faifan da ake jona sauran kaya a kai), ram 16GB, SSD (ma'ajiyar bayanai) mai 1TB, katin girafik (mai zana hoton gem a allo) GTX 1050 Ti mai 4GB, da fawa fak mai wat 650, duka a kusan rabin abin da ake sayar da su a kasuwa. Ya ce ragin na ɗan gida ne, a biya kashi biyu cikin uku, sauran sai kaya sun iso.

Kuma kayan sun iso. A nan ne wannan damfara ta bambanta da wadda muka saba ji, ta mai karɓar kuɗi ya kashe waya. Direba ya kira, yaro ya je tasha ya karɓi kwali a ɗaure tsaf. Tun yana tashar mutumin ya bugo ya ce idan ya ɗauki ɗan bidiyo riƙe da kwalin yana godiya, zai rage masa wani abu daga cikon. Yaro cikin murna ya yi, ya tura bidiyo, ya tura ciko. Bai ko kwance igiyar kwalin ba tukuna.

Shi da abokinsa suka haɗa ta suna bin YouTube, ta tashi lafiya, Windows ma ta nuna sunan katin daidai da na kwali. Amma da ya shiga GTA V, bayan 'yan mintoci sai allo ya yi zane-zane, gem ɗin ya rufe kansa. Ya kira mai kayan. Bai yi musu ba, bai yi faɗa ba. Ya ce zafin Sakkwato ne ya fi ƙarfin ƙaramin kati, ya ƙaro kuɗi kaɗan a aiko masa RX 580 mai 8GB, tsohon kuma ya riƙe sai sabon ya zo. Shigo-shigo ba zurfi. Ya ranto kuɗi ya tura, washegari ya tarar an toshe shi a ko'ina.

Mako biyu ya yi yana kwana da abin a ransa, kunya ta hana shi faɗa wa kowa. Ranar da ya sauke akwatin a shagona cewa ya yi, "Kawu, wanga abu ya hi ƙarhina." Na ce ya zauna ya sha ruwa tukuna.

Ban kunna ta ba ma na ga matsalar farko. A bayan katin akwai ramin VGA, shuɗin nan mai ƙananan huji 15 da ake sa wa tsofaffin monita. GTX 1050 Ti ta fito ne a watan Oktoban 2016, kuma tun daga wannan zubin na GTX 10 kamfanin NVIDIA ya daina ba katunansa hanyar fitar da hoto ta VGA. Abin da za ka gani a na gaskiya shi ne HDMI da DisplayPort da DVI. Duk wanda ya miƙo maka 1050 Ti ko 1060 da shuɗin ramin nan, ka miƙa masa abinsa.

Na sa manhajar GPU-Z, wadda kyauta ce, ko minti ɗaya ba ta ɗauka. Kafin sunan katin ta rubuta FAKE da manyan baƙaƙe, wato jabu. A gurbin ƙwayoyin aiki, wato ƙananan injinan lissafi da ke cikin katin, ta nuna 192, alhali 1050 Ti na da 768. Katin GTS 450 ne, na shekarar 2010, mai ƙwaƙwalwa 1GB. Abin da suke yi shi ne su tattaro irin waɗannan tsofaffin katuna, su sake rubuta ɗan bayanin da ke cikin katin wanda yake gaya wa kwamfuta sunansa da girmansa, su sa masa sabuwar fanka da sabuwar riga da sabon kwali. Windows ba ta auna kati, abin da ya gaya mata take maimaitawa. Shi ya sa hoton allon da mai kaya zai turo maka yana nuna suna ba hujja ba ce ko kaɗan. Kuma shi ya sa gem ke mutuwa: ya yarda akwai 4GB, yana zuba kaya, da ya wuce 1GB ɗin da ke akwai da gaske sai ya taka iska. Wata alamar kuma ita ce faifan CD da suke haɗowa da shi, su ce kada ka sauke direba, wato manhajar da ke sa katin aiki, daga intanet, ka yi amfani da nasu. Dalili shi ne NVIDIA ta daina fitar wa wannan tsohon zubin sabbin direbobin gem tun 2018, sabon direba ba zai zauna a kansa ba, asiri ya tonu.

Furosesar kuwa bai yi ƙarya a sunanta ba, Core i7 ce. Abin da ya ɓoye shi ne lambar da ke biye: 2600. Ta 2011 ce, irin wadda ake cirowa daga kwamfutocin ofis na gwanjo. Wannan tarkon yana kama mutane da yawa a garin nan, har da manya masu sayen laftof, domin mun riƙe cewa i7 ta fi i5, i5 ta fi i3. Hakan gaskiya ne idan 'yan zubi ɗaya ne. Amma i3-12100F ta 2022, wadda ita ma zuciya 4 gare ta kamar waccan, ta yi wa i7-2600 fintinkau a gem. Sannan Windows 11 a hukumance daga zubi na 8 na Intel take farawa, ga shi Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Idan mai kaya ya ce maka "i7 ce" ya yi shiru, ka ce ya ƙarasa lambar. Idan ya fara kwana-kwana, ka san abin da ke nan.

SSD ɗin na gwada shi da manhajar H2testw, wadda ke cika ma'ajiyar da bayanai har baki sannan ta koma ta karanto su. Bai yi nisa ba ya fara zubar da kurakurai. An sa shi ya riƙa cewa 1TB ne, alhali cikinsa ƙarami ne, idan ya cika sai sabon abu ya hau kan tsoho ya goge shi ba tare da ka sani ba. Na gode Allah yaron bai kai ga zuba aikin makarantarsa a ciki ba. Ram ɗin kaɗai ya cika yadda aka faɗa, shi ma tsohon DDR3 ne da ba zai shiga sabuwar madabod ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali fawa fak ne, akwatin da ke karɓar wutar bango ya raba wa sauran kaya. Na ɗaga shi na ji shi sakayau kamar gwangwanin madara da aka shanye. An manna masa takardar wat 650 da tambarin 80 Plus mai shaida cewa ba ya yawan asarar wuta, amma takarda kowa na iya bugawa. Kowa ya san yadda wuta ke zuwa mana, ta yi sama ta yi ƙasa, a koma janareta, a koma inbata. Ga zafin Maris zuwa Mayu da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Irin wannan akwatin idan ya tashi mutuwa ba shi kaɗai yake tafiya ba, yana iya jan madabod da kati, yana iya kama wuta, kuma a ɗakin da yaron ke kwana da ƙannensa aka jona shi. Idan kuɗinka sun gaza, ka rage a kes mai fitilu, ka rage a kibod mai walƙiya, amma fawa fak ka sayi na kamfanin da aka sani irin Corsair ko Seasonic ko Cooler Master, daga hannun wanda ka san ƙofar shagonsa.

Ita RX 580 da aka yi masa romon baka da ita, ko da ta zo ma akwai magana. Ta asali, ta 2017, ƙwayoyin aikinta 2304. Akwai wata da ake kira RX 580 2048SP da aka yi wa kasuwar China, wadda a ƙarfi kusan daidai take da RX 570, kuma ita ce ake yawan tallatawa a intanet da sunan 580 kawai. Ban da haka, tun da Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗaɗen intanet, ta bar tsarin haƙa (samar da kuɗin) da katin girafik a watan Satumban 2022, katunan da suka shekara suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwa. Ba na cewa duk na hannu lalatacce ne. Ni ma ina saye, ina sa wa mutane. Amma a gaya maka na hannu ne, a yi maka farashin na hannu, a bar ka ka kunna manhajar FurMark ta matsa masa lamba kamar rabin awa a gabanka, kana kallon zafinsa, kana kallon ko allo zai yi zane.

Wanda ke son kwamfutar gem mai sauƙin kuɗi ta gaskiya, hanya a buɗe take. Ryzen 5 5600 a kan madabod B450 ko B550, ram DDR4 guda biyu masu 8GB kowanne, SSD na kamfanin da aka sani ko da 500GB ne, da kati irin RX 6600 mai 8GB, wannan haɗin zai ɗauki gem ɗin da yaranmu ke bugawa cikin kwanciyar hankali. Idan B450 ce a tabbatar an sabunta mata BIOS, ƙaramar manhajar da ke cikin madabod, don ta karɓi furosesar. Wanda kuɗinsa bai kai na kati ba ya fara da Ryzen 5 5600G, mai girafik a cikinta, ya buga abin da ta iya ɗauka har Allah Ya hore. Shawarar da na ba ɗan yayata ke nan, kuma a kanta muke yanzu, muna sayen abu ɗaya-ɗaya.

Idan dole ne daga nesa za a sayo, daga Legas ko Kano, a nemi ɗan'uwa ko abokin da ke can ya taka ya ga shagon da idonsa. A yi kiran bidiyo, ka faɗi wata kalma ya rubuta a takarda ya ajiye kusa da katin, ya juya maka bayansa ka ga ramukan, ya buɗe GPU-Z da CPU-Z, mai nuna bayanan furosesa, kana kallo. A duba sunan asusu ko ya yi daidai da na mai magana. A namu bai yi ba, ya ce na yaron shagonsa ne, yaron kuma ya yarda saboda an riga an kira shi ƙane. Wannan ne ke ci min rai har yau. Da sunan garinmu da harshenmu da rantsuwa da Allah aka buɗe aljihunsa. Wanda ya san Mabera ba lallai ne ya san tsoron Allah ba, kuma sunayen unguwanni ko a taswirar waya ana samunsu.

Wanda abin ya riga ya faɗa wa, kada ya yi zaman mako biyu irin na yaronmu. A ranar a je banki da rasit ɗin tura kuɗin, domin kuɗin ba sa kwana a asusun da suka shiga. A adana hirar WhatsApp da saƙonnin murya da lambar waya da hoton shafin kafin a goge, a kai wa 'yan sanda, kuma EFCC na da ofis a nan Sakkwato. Mu mun kai namu rahoton a makare, har yanzu ko sisi bai dawo ba, kuma bashin da ya ranto mahaifiyarsa ce ta biya.

Iyaye da yayye, idan yaro ya zo da irin wannan labari, kada a fara da faɗa. Tsoron faɗan ne ya sa ya tura kuɗin kati na biyu ba tare da ya tambayi kowa ba, alhali shagona bai fi tafiyar minti goma a babur daga gidansu ba.

Sabon shafin mutumin yana nan yana talla, kuma a cikin bidiyoyin shaidar da ya jera har da na ɗan yayata, yana tsaye a tasha riƙe da kwali yana sa masa albarka. Mun kai ƙarar shafin, ba a sauke shi ba tukuna. Sauran bidiyoyin ma da na duba, kusan duka a tasha aka ɗauke su, kuma babu kwali ko ɗaya da aka buɗe.