PS5, Xbox Series X ko Series S: wanne zai zauna a durowar falonka bai dahu ba?

Ɗan'uwanmu na Unguwar Dosa a Kaduna ya kawo tambaya. Kafinta ya haɗa masa durowar talabijin mai ƙofar gilashi, bayanta a rufe da falanki. Gurbin da ya ware wa na'urar gem faɗinsa santimita 45, tsayinsa 16, zurfinsa 35. Falon babu AC sai fankar sama, uwargida kuma ta ce ba ta son ganin tarkace da wayoyi a fili. Yana son sanin wanne zai saya tsakanin PS5, Xbox Series X da Series S, wanda zai yi kyau a wurin kuma zafi ba zai kashe shi ba.

Malam, kafin a je ga kyau, fara duba ta inda kowannensu yake fitar da iska mai zafi, domin su ukun nan kowa da ƙofarsa. PS5 ta gaba yake shaƙa, ta ratar da ke tsakanin fararen murafan nan da baƙin tsakiyarsa, ya fesar ta baya. Series X ta ƙasa da baya yake shaƙa, ya tura sama kamar bututun hayaƙi. Series S kuwa baƙin da'irar nan da mutane ke ɗauka sifika ce, ita ce mafitar zafinsa. Durowarka a yadda take yanzu ta toshe duka hanyoyin ukun.

PS5 na farko, wanda ya fito a Nuwamba 2020, ƙato ne: santimita 39 a tsayi, 26 a zurfi, 10.4 a kauri, nauyinsa kilo 4.5 idan mai cin faifai ne. A tsaye ba zai shiga gurbinka ba, wannan babu gardama. A kwance zai shiga, amma santimita uku-uku kaɗai za su rage a dama da hagu, tara a baya, kuma cikin taran nan kan wayar HDMI da ta wuta za su cinye rabi. Sony, masu ƙera PS5, da kansu sun ce a bar aƙalla santimita 10 tsakaninsa da bango. Ka ga tun ba a kunna ba an karya doka.

Girman nasa ba ado ba ne. Fanka ɗaya ce a ciki mai faɗin milimita 120 da kaurin 45, tana jan iska ta ɓangarori biyu ta tura cikin wani babban ƙarfen zuƙe zafi mai siraran haƙarƙari. Tsakanin furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, da wannan ƙarfe, maimakon man da aka saba shafawa, ƙarfe mai ruwa-ruwa suka sa, wanda ya fi saurin miƙa zafi nesa ba kusa ba. A nan akwai abin kiyayewa. Wannan ruwan yana ɗaukar lantarki, ɗigo ɗaya a kan allon na'urar ya isa ya ƙona shi. Duk mai gyaran da ya ce zai buɗe ya “canza maka fes” kamar yadda ake yi wa PS4, karɓi kayanka ka yi gaba, sai dai in ka tabbatar ya san aikin. Jita-jitar da ta yaɗu a 2023 cewa tsayar da PS5 na sa ruwan ya zube kuwa, kamfanin ya ƙera shi ne don tsayuwa da kwanciya duka, kuma akwai shinge kewaye da ruwan.

Siririn PS5 da ya fito a ƙarshen 2023 ya fi dacewa da kai: santimita 35.8 a tsayi, 21.6 a zurfi, 9.6 a kauri, kilo 3.2. A kwance zai bar maka fiye da santimita 13 a baya. Ƙananan ƙafafun kwanciya suna cikin kwalin, gindin tsayarwa ne ake saye daban. Sai dai ƙanƙantar jiki ba ta rage zafin da yawa ba. A wasa mai nauyi yana cin wajen wat 200, kuma kusan duk wutar da ya ci zafi take komawa. Ka tuna ƙwan lantarkin dā mai wat 100, wanda ba a iya taɓawa bayan minti biyar? To ka ɗauka ka kunna guda biyu a cikin gurbin nan ka rufe gilashi.

Series X ya fito a wata ɗaya da PS5 na farko, siffarsa kamar ƙaramin firji: faɗi da zurfi santimita 15.1 kowanne, tsayi 30.1, nauyi kusan kilo huɗu da rabi. A ra'ayinmu tsarin sanyayawarsa ya fi na kowa ma'ana. Fanka ce guda mai milimita 130 a can sama, allon na'urar an raba shi biyu don iska ta ratsa tsakani, ita kuma iska mai zafi dama sama take son tafiya. Shi ya sa da wuya ka ji ƙararsa ko da dare ya tsala. Ka ɗora tafin hannu a samansa ana cikin wasa, za ka ji hucin kamar na bakin murhu, kuma hakan alamar lafiya ce, zafin fita yake yi. Koren da ake hangowa cikin ramukan saman fenti ne kawai, ba fitila ba.

Amma a gurbinka shi ne ya fi kowa shan wahala. In ka kwantar da shi, tsayinsa 15.1 a wuri mai 16, ko yatsa ba zai shiga ba. Mafitar zafin ta koma gefe tana kallon katako, ragowar santimita 15 ɗin kuma sai an raba su tsakanin mashaƙa da mafita, alhali Microsoft, masu ƙera Xbox, sun ce a bar 10 zuwa 15 ta kowane ɓangare. Iskar da ya fitar za ta daki katako ta zagayo ya sake shaƙarta. Ga kuma zagayayyen gindinsa da ba ya cirewa, a kwance sai ya zama kamar an kifar da tukunya. Wannan na'ura ta tsayuwa ce a fili, a saman durowa gefen talabijin. Kada a tsayar da shi a kan kafet mai gashi, don ta ƙasa yake numfashi.

Series S shi ne ɗan autan: santimita 27.5 a tsayi, 15.1 a zurfi, 6.5 a kauri, bai kai kilo biyu ba, wutar da yake ci ba ta kai rabin ta PS5 ba. Ga mai inbata ko ƙaramin janareta wannan ba ƙaramin abu ba ne. A kwance a gurbinka baƙin da'irar za ta kalli sama da ratar santimita tara da rabi, dab da goman da Microsoft suka ce. Laifinsa biyu: ba ya cin faifai, komai sai ka sauke ta intanet, wasa ɗaya kuma yana iya lashe gigabait hamsin ko fiye, sannan hotonsa bai kai na manyan biyun ba a talabijin mai 4K. Kuskuren da aka fi yi da shi shi ne ɗora dikoda ko rimot a kan da'irar, saboda samansa a shimfiɗe yake kamar faranti.

Ta fuskar kyau kuwa, ido ne alƙali, amma ƙurar hunturu tana da nata hukuncin. Ƙurar fara-fara ce, don haka a kan baƙin Series X kwana ɗaya ta isa ka rubuta sunanka da yatsa. Farin PS5 da na Series S suna ɓoye ta, sai dai a hankali su yi ja-ja a gefuna. Baƙin tsakiyar PS5 mai ƙyalli ne, tsumma mai kaushi na barin zane a kansa, a goge shi da ƙyallen goge tabarau. In uwargida na son abin da ba zai ja ido ba, Series S ne. PS5 duk inda ka ajiye shi sai baƙo ya tambaya mene ne wannan.

Yanzu ga abin da ya sa maganar ta fi tsanani a Kaduna. Iyakar zafin wurin da Sony suka rubuta wa PS5 digiri 35 ne. A Maris da Afrilu, da rana tsaka, garin kansa yakan kai hakan har ya wuce, balle falon da ke ƙarƙashin kwano ba AC. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take turawa, in iskar da zafi to da zafi za ta tura. Kuma lura da yadda lokutan suka jeru: daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ya cika haƙarƙarin ƙarfen da ƙura, sai bazara ta iso ta tarar da hanyar iska a toshe. Nan ne za ka ji fanka na ihu, PS5 ya nuna gargaɗin ya yi zafi, ko ya ɗauke ɗif ana tsakiyar ƙwallo. Turaren wuta ma yana ƙara dagula lamarin, hayaƙinsa na da danƙo, yana manne ƙura a fukafukan fanka har ta zama kamar auduga mai maiƙo. In za a turara falo, a kashe na'urar tukuna.

Saboda haka ƙarshen Fabrairu ne lokacin shara. Kashe shi gaba ɗaya, zare waya, bar shi ya huce. PS5 murafansa ba sa buƙatar sukundireba, ɗaga kusurwa za ka yi kaɗan ka zame su. A na farkon akwai ramuka biyu a ƙarƙashin murfi da aka yi musamman don tara ƙura, ka zuƙe su da injin zuƙar ƙura mara ƙarfi, ka bi fankar da busasshen burushin fenti. In bulowa za ka yi amfani da ita, danne fankar da yatsa kada ta juya, gudun da ya wuce kima yana lalata ta. Xbox ba a yi shi don mai gida ya buɗe ba, sai dai ka share ramukan ta waje. Ƙyallen rufewa yana da amfani sosai ga Series X tunda ramukansa sama suke kallo, amma sai bayan an kashe shi ya huce, ba yana cikin saukar da wasa ba.

Hukuncinmu: in dole sai cikin gurbin, Series S ne na farko, siririn PS5 a kwance na biyu, kuma dukansu da sharaɗin a gyara durowar. Kira kafintan ya yanke falankin bayan gurbin gaba ɗaya, ba ɗan ramin waya ba, a janye durowar daga bango kamar faɗin tafin hannu, gilashin kuma a buɗe shi duk lokacin da ake wasa. Ƙananan fankokin da ake maƙalawa a jikin na'ura bar su a shago, sau da yawa tare hanyar iskar suke yi. In kana son ƙari, sa fankar kwamfuta mai milimita 120 ta USB a bayan gurbin, tana fitar da iska waje ba tana turowa ciki ba. Gwajin mai sauƙi ne: bayan awa ɗaya ana wasa, zura hannu ta gaban na'urar inda take shaƙa. In iskar wurin ta fi ta falon ɗumi, to zafinta take sake sha, sai a ƙara buɗe bayan ko a fito da ita saman durowa.