Kube da bel: abin da zan sake saya da wanda na yi wa rantsuwa

Tun daga 1 ga Satumba 2021, wanda ya kai shekara 21 a jihar Texas, in dai doka ba ta hana shi mallakar makami ba, yana iya yawo da ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba. Daga nan ne 'yan'uwanmu na Houston, musamman masu shaguna da masu aikin dare, suka fara tare ni bayan Juma'a da tambaya guda: wace bindiga za su saya? Ba wanda ya taɓa tambayata kube. Mutum zai ƙirga dala 500 ya ba mai bindiga, ya zo kan gidan da za ta zauna a jikinsa kullum ya tsaya ciniki a kan dala 15. (Masu karatu a gida, wannan zancen Amurka ne. Dokar makamai ta Najeriya ta sa fistol cikin abubuwan da aka haramta wa farar hula, kada wani ya ce ni na aike shi.)

Ni ma dala 15 ɗin na fara biya. Kuben yadi ne mai laushi, an rubuta a ledarsa wai yana ɗaukar kusan kowace bindiga. Ranar da na je ajin koyon zarowa, na fizgo bindigar sai ta taho da kubenta a baki, kamar yaron da ya fito da bargonsa. Aka yi dariya, na haɗiye. Abin da bai zama abin dariya ba shi ne mayarwa: bakin kuben ya rufe, na sa hannun hagu zan buɗe, bakin bindiga yana kallon tafin hannuna. Tsawar da malamin ya daka min har yau tana kunnena.

Saboda haka ma'aunina uku ne, kuma duka daga wannan rana suka fito. Kube ya rufe kunama ruf da abu mai tauri, ta gaba da ta baya. Bakinsa ya tsaya a buɗe bayan an zare bindiga. Ya kuma zauna a kan bel ko da an fizga da ƙarfi. Batun kunama ba wasa ba ne, domin bindigogi irin su Glock ba su da wani makulli da ake turawa da yatsa. Duk abin da ya shiga ya danna kunama, yatsa ne ko gefen riga ko lanƙwasasshiyar fata, harsashi zai fita.

Abin da ya cika ukun nan ba gardama shi ne Kydex, wata roba mai tauri da aka ƙirƙiro a 1965 don cikin jiragen sama. Ana gasa ta a matse ta a kan siffar bindiga guda, don haka kuben Glock 19 na Glock 19 ne, ba ya karɓar SIG P365. Idan ka tura bindiga ta zauna za ka ji ƙas, kuma akwai noti da kake ɗaurewa ko sassautawa har riƙon ya yi maka daidai. Kaurin da na fi yarda da shi inci 0.08 ne. Gumin Houston na watan Agusta bai dame shi ba, ka wanke da ruwa da sabulu ka goge, shi ke nan. Nawa shekara huɗu ke nan, ban da ƙujewa ba abin da ya same shi. Ka nemi mai ɗan fiffike a gefe, wanda bel ke dannawa ya tura mariƙin bindiga ya kwanta a jiki, don mariƙin ne ke tona asiri a ƙarƙashin riga, ba bakin ba. In kana da tumbi irin nawa, ɗan matashin soso a ƙasan kuben yana hana shi sukar mara. Aibin Kydex? Yana cin fentin bindiga a hankali, yana da ƙara, kuma in ka bar shi a gaban mota cikin rana zai iya karkacewa. Na yarda da duka ukun.

Fata kuwa ina jin nauyin kushe ta, don kakana baduku ne, ƙanshin jima na tashi da shi. Kuben fata mai kauri da aka ƙarfafa bakinsa yana da daɗi a jiki, amma fata tana tsufa, gumi ya jiƙa ta ta yi laushi, wata rana gefenta ya lanƙwashe ya leƙa wajen kunama. In ka nace, ka riƙa duba ta duk wata. Mai haɗin gambiza, fata a baya roba a gaba, ya gaji ciwon fatar ne kawai. Na hammata na 'yan fim ne. Na idon sawu, kafin ka durƙusa an gama. Na tsakiyar baya kuma, ka zame ka faɗi a kansa ka ji yadda ƙashin baya yake.

Sai bel, wanda shi ne rabin aikin. Glock 19 cike da harsashi ta haura giram 800, bel ɗin zuwa biki ba zai riƙe ta ba, zai saki ta riƙa leƙe kana ta jan wando. Faɗin inci ɗaya da rabi shi ke shiga yawancin wanduna, kuma dole ya dace da faɗin maƙalin kuben. Na fi son mai haƙori irin na Kore ko Nexbelt, wanda ke matsawa rubu'in inci rubu'in inci, saboda ramukan bel ɗin fata tazararsu inci guda ce, ko ya matse ka ko ya yi sako-sako, balle bayan tuwon dare. Ka ƙara wa ƙugun wandonka inci ɗaya ko biyu.

Matsalar da Bature bai sani ba ita ce kaftani da wando mai zariya. Zariya ba ta ɗaukar kube, kada ma ka gwada. Akwai Enigma na kamfanin PHLster, ɗamara ce da ake ɗaurawa a jiki ƙarƙashin wando, kuben Kydex a maƙale da ita, ba ruwanta da bel. Tana da tsada, saitinta na cin lokaci, kuma doguwar riga sai ka koyi yaye ta da bindiga marar harsashi. In kuma da bindigar za ka je masallaci, ka fara tambayar hukumar masallacinku, ka kuma duba ƙofa: a Texas allon sanarwa mai lambar sashen doka 30.06 yana hana mai lasisi shiga da ɓoyayyiyar bindiga, na 30.05 kuma yana hana marar lasisi.

Yanzu jabu, inda na sha kashi na biyu. Na ga hoton kuben da ake sayarwa dala 90 a wani shagon intanet a kan dala 25, na ce na tsinci dami a kala. Hoton na sata ne. Abin da ya iso roba ce siririya da nake iya matsewa da yatsa biyu, maƙalin kuma na roba mai ƙyalli. Sati uku, ina fitowa daga mota, maƙalin ya karye, na ji nauyi yana gangarawa cikin ƙafar wandona a tsakiyar wurin ajiye motoci. Araha ba ta ado, amma wannan ta wuce rashin ado.

Ga yadda nake gane su yanzu. Tallan da ya jero sunayen bindigogi goma a kube ɗaya, wuce. Mai sayarwar da ba shi da adireshi ko lambar waya, wuce. Maƙalan ƙarfe na Discreet Carry Concepts da kan bel na Cobra, wanda AustriAlpin ke yi a Austiriya, duka ana kwaikwayonsu, don haka ka saya daga masu su ko dillalin da suka ambata a shafinsu. Bel ɗin da aka ce fata ce zalla, ka duba gefensa da ramukansa. Wani bel ɗin garin fata ne aka manne da gam, wata biyu ya fara ɓarewa kamar albasa. Wani kuma a ce akwai ƙarfe a ciki, ka matse shi daga sama zuwa ƙasa ya naɗe. Yabon masu saye ma kada ya ruɗe ka, ka je wajen masu tauraro ɗaya ka karanta abin da ya karye musu.

Ko na gaske ne ya zo, kada ka ɗaura shi ranar. Cire gidan harsashi, duba cikin bindigar sau biyu, kai harsashin wani ɗaki. Saka ta a kube ka kifa a kan katifa ka girgiza kaɗan, bai kamata ta faɗo ba. Sa ɗan yatsa ka nemi kunama ta kowane gefe, in ka taɓa ta, mayar musu da kayansu. Sannan ka ɗaura, ka zauna a mota, ka yi ruku'u da sujada, ka ga inda yake sukarka. Notocin kuma ka ɗiga musu shuɗin Loctite, gam ɗin da ke hana noti kwancewa, ba ja ba, don jan sai da wuta yake kwancewa.