Telan Mabera da ba ya tarar numfashi

Saura sati uku ƙaramar Sallah na kai Innarmu wani shagon ɗinkin mata a unguwar Mabera, cikin garin Sakkwato, da atamfa turmi biyu. Duk wanda ya san Inna ya san ba ta faɗa wa magana kai tsaye. Sai ta gaisa, ta tambayi iyali da azumi, ta ba da labarin rigar da aka ɓata mata bara, sannan ta iso kan wuya da hannu. Telolin da muka baro, tana tsakiyar zance suke cewa "na gane, Hajiya", su jawo tef. Ranar karɓa sai ka ga hannu ya matse, wuya ya yi faɗi.

Shi wannan bawan Allah sauke ƙafa ya yi daga kan keke, ya ajiye almakashi, ya fuskance ta. Can yaron shagon ya sa baki: "Buba ke nan kike so?" Maigidan bai ɗaga murya ba, ya ce, "Bari Inna ta dasa aya. Gaugawar mi kaka yi?" Yaron ya sunkuyar da kai. Wallahi abin ya taɓa ni, domin haka aka rene mu: babba na magana, yaro ba ya tsoma baki, ko a karatun zaure sai malam ya kai ƙarshe kafin a ce "Allah gafarta Malam".

Sau ɗaya tak ya shiga maganarta, shi ma da neman izini: "Ban tari numfashinki ba Inna, turmi yadi 6 ne. In an buɗe hannun kamar yadda kika ce, kallabin zai ragu. Kin yarda?" Ta ce a rage kallabin. Da wani ne, sai ya yanka, mu gani ranar Sallah.

Sai dai sauraron nan da kuɗinsa. Kowa haka yake ba shi lokaci, don haka mun fi awa guda a kan benci, ga zafin Sakkwato, ga fanka a tsaye babu wuta. Farashinsa ma ya ɗara na telolin Babbar Kasuwa kaɗan. Mai zuwa ya yi sammako.

Ranar da ya ce, ranar muka karɓa. Inna ta gwada, ta ɗaga hannu sama, ba inda ya riƙe ta. Da rigar ta tafi Idi, kuma tuni ta ware leshinta na bikin jikarta ta ce can za a kai.