Arduino Uno ko ESP32: wanne ya dace da aikin tankin ruwa?

Ƙanina na Tumfure, ka ce tankin gidanku kullum sai ya cika ya yi ta ambaliya kafin a tuna a kashe sumo. Kana so ka haɗa na'urar da za ta riƙa sanar da ku, amma ka rasa wanda za ka saya tsakanin Arduino Uno da ESP32, ƙananan allunan lantarki (bod) da ake rubuta wa umarni, wato kod, kuma in ban da kunna 'yar fitila ɗaya a makaranta ba ka taɓa haɗa komai ba. Duka biyun sun ratsa hannuna, kuma shawarata ita ce ka fara da Uno.

In a takarda ne, ESP32 ya yi wa Uno fintinkau. Kamfanin Espressif na Shanghai ne ya fitar da shi a 2016, gudunsa yana kaiwa 240 MHz, ma'ajiyar aikinsa 520 KB, ga Wi-Fi da Bluetooth a jikinsa. Uno kuwa ƙwaƙwalwar da ke cikinsa ATmega328P ce, 16 MHz, ma'ajiyar aiki 2 KB kacal. Sai dai aikinka auna tsayin ruwa ne da kaɗa ƙararrawa, wanda ko rabin ƙarfin Uno ba zai ci ba.

Inda suka fi rabuwa ga sabon shiga shi ne wuta. Ƙafafun Uno, wato inda ake jona wayoyi, da bolt 5 suke aiki, na ESP32 da 3.3. Sensar da yawancinmu muke fara auna nisa da ita, HC-SR04, bolt 5 take ci, kuma amsar da take mayarwa ta ƙafar Echo ma bolt 5 ce. A Uno sai ka soka waya huɗu, shi ke nan. A ESP32 sai ka rage wutar da resista biyu, 1k da 2k, kafin ta shiga ƙafa. Ni ban san haka ba a farko. Na haɗa kai tsaye, ya yi kwanaki yana aiki lafiya lau, ranar nan ƙafar ta daina amsawa. Na kwana biyu ina zargin kod, ina gogewa ina sake rubutawa, ashe ɓarnar a hannuna take. Uno na asali kuma, in ka ƙona ƙwaƙwalwarsa, a soket take zaune, ka ɓamɓare ta ka dasa wata. Na kwaikwayo da suka fi yawa a kasuwa sau da yawa a manne take, kuma sai ka sa wa kwamfutarka 'yar manhajar da ake kira direban CH340 kafin ta gane bod ɗin. Kada hakan ya tsorata ka, aikin minti biyar ne.

Wi-Fi ɗin ma da ake kwaɗayi yana da nasa sharuɗɗa. Duk lokacin da ya tashi yana zuƙar wuta da ƙarfi, in kebul ɗinka siriri ne ko cajar ta gaji, sai bod ya yi ta mutuwa yana farfaɗowa. Tashar 2.4 GHz kawai yake kamawa. Wasu ƙafafunsa na auna wuta, waɗanda ake kira ADC2, ba sa aiki muddin Wi-Fi na kunne. Sannan in saƙon zai same ka a nesa, dole a samu intanet a gidan ba yankewa, da datar da za a riƙa saya. Kai kuwa mutanen gida kake so su ji ƙara daga tsakar gida.

In da gona ce gare ka a Dadin Kowa, kana so ka ga matakin ruwa a wayarka kana zaune a shago cikin Gombe, da ba gardama ESP32 zan ce. Kuma abin da ka koya a Uno ba zai tafi a banza ba, domin da manhajar Arduino IDE ɗin nan dai ake rubuta wa ESP32 kod. Tun 2005 da aka fara Arduino a garin Ivrea na Italiya, ɗaliban zane aka yi wa shi, waɗanda ba injiniyoyi ba ne, shi ya sa yake da haƙuri da mai koyo.

Sensar ta fi bod ɗin ba ni damuwa. A zafin Maris da Afrilu, tankin roba da ke saman gini cike yake da tururi, kuma HC-SR04 ba ta jure laima, tsatsa za ta cinye ta. Ka koya da ita a bokiti, amma ta cikin tanki ka nemi JSN-SR04T mai jure ruwa. Ita kuma ba ta ganin abin da ya matso ta ƙasa da santimita 20 ko fiye kaɗan, don haka ka ɗaga ta sama da inda ruwa ke tsayawa.

Don Allah kada ka jona sumo da ƙaramin rile ɗin nan shuɗi, wato makunnin da bod ke sarrafawa, ko da ka ga an rubuta 10A a jikinsa. Inji yana jan wuta ninkin-ba-ninkin a lokacin tashi, yana iya narkar da bakin rilen ya manne, kuma wutar gida mai bolt 230 kusa da ruwa tana kisa. Ka tsaya a ƙararrawa tukuna, ka ba Uno wuta da cajar waya, tunda sumon ma sai da wuta yake aiki. Ranar da kake so sumon ya riƙa tsayawa da kansa, ka kira mai aikin wuta ya sa kwantakta, wato babban makunni mai ɗaukar wutar inji, rilenka ya riƙa ba ta umarni.